DARUSSAN DA AKE KOYA WA 'YA'YANMU A MAKARANTUN INGILA

 

Duk inda muka haɗu, ko wajen suna ne ko ɗaurin aure ko bayan sallar Idi, da wuya a tashi ba a taɓo maganar makarantar yara ba. Wani zai ce ɗansa ba ya zuwa gida da littafin rubutu, wata ta ce har yau ba a taɓa gaya mata ko na nawa 'yarta ta zo a aji ba, wani kuma ya ce an aiko masa da takardar zaɓen darussa ya sa hannu alhali bai san abin da ke ciki ba. Wannan ya sa na ga ya dace in tattara bayanin darussan nan wuri guda domin amfanin iyaye. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, darussan kashi uku ne: akwai na dole, akwai waɗanda yaro zai zaɓa, akwai kuma waɗanda babu su sam a makaranta, sai dai gida ta ɗauki nauyinsu. Lokacin zaɓen kuwa yana zuwa da wuri, tun yaro yana shekara 13 zuwa 14.

INDA WANNAN BAYANI YA SHAFA

Bayanin nan na Ingila ne kawai. Sukotlan da Wels da Ailan ta Arewa kowace tana da manhajarta. A Sukotlan ma sunayen jarrabawar daban ne, a Wels kuma harshen Wels dole ne har yaro ya kai shekara 16. Saboda haka wanda ke zaune a Gilasgo ko Kadif ya nemi bayanin yankinsa.

Manhajar ƙasa ta samo asali ne daga dokar gyaran ilimi ta 1988. Kafin nan kowace makaranta da ƙaramar hukumarta su ke tsara abin da za su koyar, in ban da darasin addini da dokar 1944 ta wajabta. An yi wa manhajar gyara sau da dama, kuma gyaran da na dogara da shi a nan shi ne wanda aka fara koyarwa a watan Satumba na 2014. Makarantun kuɗi ba dole ba ne su bi ta. Haka kuma makarantun da ake kira akadami, waɗanda gwamnati ke biya amma ba sa ƙarƙashin ƙaramar hukuma, tun da aka ƙirƙiro su an bar musu 'yancin tsara tasu, ko da yake yawancinsu ba sa yin nisa da ta ƙasa, tunda jarrabawa iri ɗaya yaransu ke zaunawa. A Disamba 2024 gwamnati ta gabatar da ƙudurin doka da zai sa su ma su bi manhajar ƙasa.

YADDA AKA RABA SHEKARUN KARATU

Shekarar karatu tana farawa a Satumba ta ƙare a Yuli, zango uku. Shekarun haihuwa ake dubawa a sa yaro a aji: duk waɗanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta ajinsu ɗaya. Da wuya ƙwarai a maimaita wa yaro aji don ya faɗi, da wuya kuma a tsallakar da shi don ya yi ƙoƙari. Ba a kuma jera yara na ɗaya, na biyu, na uku kamar yadda muka saba a gida. Ga yadda matakan suke:

Ajin share fage: shekara 4 zuwa 5.
Mataki na 1: aji 1 da 2, shekara 5 zuwa 7.
Mataki na 2: aji 3 zuwa 6, shekara 7 zuwa 11. A nan firamare ta ƙare.
Mataki na 3: aji 7 zuwa 9, shekara 11 zuwa 14.
Mataki na 4: aji 10 da 11, shekara 14 zuwa 16, wanda ke ƙarewa da jarrabawar GCSE.

A lura, idan yaro ya shiga sakandare ba a komawa aji ɗaya, lissafin ci gaba yake yi daga 7 har zuwa 13.

GINSHIƘAI UKU

Turanci da Lissafi da Kimiyya su ne ginshiƙan manhajar, kuma babu yaron da zai bar ɗayansu kafin shekara 16.

Turanci ana fara shi ne da koyon sautin baƙaƙe da haɗa su, kusan yadda ake bi da yaro daga babbaƙu zuwa farfaru a makarantar allo. A watan Yuni na aji 1 malami yakan zauna da kowane yaro ya ba shi kalmomi 40 ya karanta, rabinsu kalmomi ne na ƙirƙira marasa ma'ana, domin a gane ko ya iya haɗa baƙi ko haddace kalma kawai yake yi. Wanda bai kai ba sai ya sake a aji 2. A sakandare darasin yakan rabu biyu, harshe da adabi, kuma kowanne GCSE ne mai zaman kansa. A ɓangaren adabi akwai wasan kwaikwayo na Shakespeare, da ƙagaggen labari na ƙarni na 19, da waƙoƙi.

Lissafi kuwa, ana so yaro ya haddace jadawalin sau har 12 sau 12 kafin ya gama aji 4. A watan Yuni na wannan aji akwai gwaji a kwamfuta, tambaya 25, kowace daƙiƙa 6 ake ba shi ya amsa. Wannan wuri ne da mu da muka yi haddar sau da baki a firamare za mu iya taimaka wa yaranmu sosai, ko da Turancinmu bai yi ƙarfi ba.

Kimiyya a firamare darasi ɗaya ce: tsirrai, dabbobi, jikin ɗan Adam, haske, sauti, lantarki da sauransu. A aji 6 ana koyar da gadon halitta da ra'ayin juyin halitta. A sakandare sai ta rabu zuwa Bayoloji da Kemistiri da Fizis.

A watan Mayu na aji 6 yara suna zana jarrabawar da ake kira SATs a karatu, da nahawu da rubutun kalmomi, da Lissafi. Makin yana kamawa daga 80 zuwa 120, kuma 100 shi ne ma'aunin da ake so yaro ya kai. Ba ita ke ba yaro gurbi a sakandare ba, amma sakandaren da ya shiga takan duba ta wajen sa shi a rukuni.

SAURAN DARUSSA

Daga aji 1 zuwa aji 9 dole ne yaro ya yi Tarihi, da Labarin Ƙasa, da Zane-zane, da Kiɗa da Waƙa, da Ƙira da Fasaha. Wannan na ƙarshe ya haɗa da aikin katako da na zare da allura da kuma girki, kuma maza da mata duk suna yi. Ilimin Kwamfuta da Wasannin Motsa Jiki suna tafiya daga aji 1 har aji 11. Cikin motsa jiki akwai iyo, inda ake so kowane yaro ya iya ninƙaya ta mita 25 kafin ya bar firamare. Harshen waje, yawanci Faransanci ko Sifaniyanci ko Jamusanci, dole ne daga aji 3 zuwa aji 9. Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, wato yadda majalisa da kotu da zaɓe ke aiki da yadda ake sarrafa kuɗi, manhajar 2014 ta wajabta shi daga aji 7 zuwa aji 11.

Tarihin da ake koyarwa mafi yawansa na Birtaniya ne, tun daga zamanin dutse da zuwan Romawa har yaƙin duniya. Sai dai a mataki na 2 an ce makaranta ta zaɓi al'umma ɗaya da ba ta Turai ba daga cikin uku: wayewar Musulunci ta farko tare da birnin Bagadaza wajen shekara ta 900, ko mutanen Maya na nahiyar Amurka, ko masarautar Benin ta Afirka ta Yamma daga wajen 900 zuwa 1300. Idan makarantar ɗanka ta zaɓi Bagadaza ko Benin, to ga ƙofa ta buɗe da za ka ba shi labarin Kano da Katsina da Agadas da fataucin sahara.

ADDINI DA TARBIYYA: ABIN DA IYAYE KE DA IKO A KANSA

Nan ne aka fi samun ruɗani, saboda haka zan ɗan tsaya.

Darasin addini dole ne kowace makarantar gwamnati ta koyar da shi. Amma ya bambanta da darasin addinin Musulunci ko na Kirista da muka yi a gida, inda ake koya wa yaro addininsa don ya yi aiki da shi. A nan bayani ake yi masa a kan addinai: abin da Kirista da Musulmi da Bayahude da Hindu da Sik da mabiyin Buda suka yi imani da shi da yadda suke ibada. Doka ta ce a nuna cewa al'adar addinin ƙasar galibi ta Kirista ce, tare da la'akari da sauran manyan addinai. Kwamitin kowace ƙaramar hukuma ne ke tsara abin da za a koyar, shi ya sa na Bamingam ya bambanta da na wata unguwa a Landan. Makarantun coci da na Musulunci da gwamnati ke biya sukan koyar bisa addininsu. Akwai kuma taron ibada na kullum, wanda doka ta ce mafi yawansa ya kasance mai kamar Kiristanci, ko da yake makarantu da yawa taron nasiha kawai suke yi. Uba ko uwa suna da ikon cire ɗansu daga darasin addini da taron ibada, ba sai sun faɗi dalili ba. Shawarata ita ce a fara ganin abin da ake koyarwa kafin a yanke hukunci, domin yaron da ya san addininsa daga gida sau da yawa shi ne malami ke tambaya idan aka zo kan Musulunci.

Tun daga Satumba 2020 an wajabta ilimin zamantakewa a firamare, da ilimin zamantakewa da jima'i a sakandare, da ilimin kiwon lafiya a duka biyun. Ilimin zamantakewa ya ƙunshi abota, da girmama mutane, da kare kai daga masu lalata yara, da haɗarin intanet, da ire-iren iyalai da ke ƙasar, har da waɗanda addininmu da al'adarmu ba su yarda da su ba. Ga yadda ikon iyaye yake:

Za ka iya neman a cire ɗanka daga ɓangaren ilimin jima'i. A firamare dole shugaban makaranta ya amince. A sakandare zai fara zama da kai ku tattauna, kuma idan ya rage zango uku yaro ya cika shekara 16, shi yaron yana da ikon cewa zai shiga.

Ba za ka iya cire shi daga ilimin zamantakewa ko na lafiya ba, kuma maganar balaga tana cikin na lafiya. Haka nan ba za ka iya cire shi daga abin da Kimiyya ta ƙunsa na yadda ake samun haihuwa ba, ko daga Kiɗa, ko iyo.

Amma dole ne makaranta ta tuntuɓi iyaye a kan tsarin da take bi, kuma kana da damar ka nemi a nuna maka littattafai da hotunan da za a yi amfani da su. Batun suturar wasanni da ta iyo, da sauƙaƙa wa mai azumi, duk abubuwa ne da akan daidaita idan aka je aka yi magana cikin mutunci tun da wuri.

AJI 9: LOKACIN ZAƁE

A gida mun saba sai yaro ya shiga babbar sakandare ake raba shi zuwa ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci, kuma galibi malamai ne ke rabawar. A nan babu wannan rabo. Abin da ake yi shi ne, a zango na biyu na aji 9, wasu makarantu ma tun aji 8, ana ba yaro ɗan littafi da fom ya zaɓi darussa uku ko huɗu da zai ɗora a kan na dole. Sauran ya bar su ke nan. Yawancin yara suna ƙarewa da GCSE 8 ko 9. Doka ta ce makaranta ta samar da aƙalla darasi ɗaya a kowane ɗaya daga fannoni huɗu: zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, ƙira da fasaha, Tarihi da Labarin Ƙasa, da harshen waje. Samarwa aka ce, ba a tilasta wa yaro ɗauka ba. Tun 2004 harshen waje ya daina zama dole bayan aji 9.

Yaro ɗan shekara 13 idan aka bar shi, abin da abokinsa ya zaɓa zai zaɓa, ko darasin malamin da yake so. Saboda haka akwai tambayoyi uku da nake roƙon kowane uba da uwa su yi a daren da makaranta ke kiran iyaye.

Ta farko, Kimiyya wace iri zai yi? Akwai haɗaɗɗiya, wadda ta ƙunshi fannonin uku amma ake ƙirga ta GCSE biyu, akwai kuma rarrababbiya, GCSE uku. Mai haɗaɗɗiya yana iya ci gaba da kimiyya idan makinsa ya yi kyau, sai dai mai rarrababbiya ya fi shi shiri.

Ta biyu, wace takarda za a sa shi ya zana? A Lissafi da Kimiyya da harsunan waje takardar jarrabawa iri biyu ce, ta ƙasa da ta sama. Wanda aka sa a ta ƙasa, ko da ya cinye tambayoyin duka, ba zai wuce maki 5 ba. Makarantu da yawa kuwa ba sa barin yaro ya yi Lissafi ko Kemistiri a mataki na gaba sai da maki 6 ko 7. Ke nan yaron da ake wa fatan likita ko injiniya, idan ya zauna a rukunin ƙasa har aji 11, an rufe masa wannan ƙofa tun iyayensa ba su sani ba. Rukunin da aka sa shi a aji 7 da 8 shi ke kai shi ga takardar, don haka tun can ya kamata a fara tambaya.

Ta uku, harshe. Yaran da suka zo daga Nijar ko Kamaru ko Chadi da Faransanci a bakinsu, GCSE na Faransanci riba ce a gare su ba tare da wahala ba. Waɗanda suka tashi a Sudan ko Saudiyya akwai GCSE na Larabci, kuma ko makarantar ba ta koyar da shi, da yawa sukan yarda su yi wa yaro rajistar jarrabawar idan iyaye suka nema.

A nan zan ja hankalin masu shirin ɗauko manyan yara daga gida. Karatun GCSE na shekara biyu ne, daga Satumba na aji 10. Yaron da ya iso a tsakiyar aji 10 ko a aji 11 zai tarar an yi nisa, wasu darussan ma sun cika. Idan da hali, a kawo shi kafin ya shiga aji 10, in ko ba haka ba a yi shawara ko ya fi masa ya kammala jarrabawarsa ta WAEC tukuna.

YADDA AKE BA DA MAKI

An fara jarrabawar GCSE a 1988. Da haruffa ake ba da sakamako, amma daga 2017 aka fara komawa lambobi daga 9 zuwa 1. A yi hattara a nan: a WAEC A1 ne ƙololuwa F9 kuma faɗuwa, a GCSE kuwa 9 ne ƙololuwa 1 ne na ƙasa. Maki 4 shi ne daidai da C na da, wato abin da za mu kira kiredit, 5 ci ne mai ƙarfi, 7 kuma daidai da A. Wanda bai samu 4 a Turanci ko Lissafi ba, dole ya ci gaba da karanta su bayan shekara 16.

BAYAN SHEKARA 16

A Ingila yaro ba ya barin karatu ko koyon sana'a sai ya cika 18. Hanyar da aka fi bi zuwa jami'a ita ce A-level, shekara biyu, aji 12 da 13, kuma darussa uku kacal yawanci ake ɗauka. Mai son likitanci kusan ko'ina za a nemi Kemistiri, sau da yawa da Bayoloji. Mai son injiniyanci Lissafi da Fizis. Akwai kuma BTEC na fannonin sana'a, da T-level da aka fara a 2020, wanda ake ƙirga shi daidai da A-level uku kuma ya haɗa da aƙalla kwana 45 a wurin aiki, sannan akwai koyon aiki da albashi. Kada mu raina waɗannan hanyoyi, domin da yawansu suna kai wa ga digiri.

SAUYE-SAUYEN DA KE TAFE

A 2010 gwamnati ta fito da wani ma'auni mai suna EBacc, inda ake auna makarantu da yawan yaran da suka haɗa Turanci, Lissafi, Kimiyya, Tarihi ko Labarin Ƙasa, da harshen waje. A Nuwamba 2025 kwamitin duba manhaja ƙarƙashin Farfesa Becky Francis ya miƙa rahotonsa, gwamnati kuma ta ce za ta yar da wannan ma'auni, za ta wajabta Ilimin Zama Ɗan Ƙasa a firamare, za ta sa gwajin karatu a aji 8, kuma za a fara koyar da sabuwar manhaja a Satumba 2028. Ko da ma'auni ko babu, a ganina wannan haɗin darussa yana bar wa yaron da bai tsai da abin da zai zama ba hanyoyi da yawa a buɗe.

ABIN DA BABU A MANHAJA

Babu Hausa a manhajar, babu kuma GCSE na Hausa, duk da cewa akwai na Urdu da Bangali da Turkanci da Farisanci. Babu karatun Alƙur'ani, babu tsarki da salla, babu tarihin ƙasar Hausa, babu gaisuwa da durƙusawa ga manya. Waɗannan namu ne, mu da makarantun Islamiyya na yamma da na ƙarshen mako. Wasu iyaye suna daina yi wa yara Hausa don tsoron kada Turancinsu ya lalace. Yaron da ke wuni a makaranta cikin Turawa Turanci ba zai gagare shi ba, Hausar ce ke cikin haɗari, kuma ranar da za a kai shi gida ya kasa gaida kakarsa ita ce ranar da za a ji zafin abin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe, doka ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta sa abin da take koyarwa a kowane aji a shafinta na intanet. A buɗe a duba. A riƙa zuwa taron iyaye da malamai, uba da uwa tare in da hali, kuma wanda Turanci ke ba shi wahala ya nemi ɗan'uwa daga cikinmu ya raka shi. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya sa su zama abin alfahari gare mu nan da can gida. Amin.